Jar Dawar da Ta Biyo Ta Daji

Bana ruwa ya yi mana wasa da hankali. Hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kaji su shige akurki, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari sama fes kamar an share ta. Sau da dama ɗana Abba yana fita da sungumi a kafaɗa, ya dawo bai sari ƙasa ba. Cikin wannan zafi ne, wata Talata, matarsa Zulai ta dawo daga asibitin garinmu da Halifa a baya, hannunta babu komai.

Halifa jikana ne. An yaye shi da wuri saboda uwarsa ta sami ciki, tun daga nan jikinsa ya ƙi. Gashinsa ya yi ja, ƙafafuwansa suka zama kamar sillen kara. Malaman asibiti suka ce tamowa ce, suka sa shi cikin yaran da ake ba ƙunshin madarar gyaɗa duk mako. Ya fara murmurewa ke nan.

"Inna, yau ba a bayar ba," in ji Zulai. "Malama Rabi ta asibiti ta ce kwalayen madarar sun ƙare, kuma ba ta san ranar da wasu za su zo ba."

"Motar ce ta lalace?"

"A'a. Ta ce daga can sama ne."

Da Abba ya dawo daga masallaci bayan la'asar na tambaye shi wane sama ne wannan. Shi mai sauraren labarai ne a wayarsa. Ya zauna bakin tabarma ya ce min ƙasashen Turawan da ke sayen madarar sun daɗe da yin alƙawarin cewa kowace shekara za su ware wani ɗan kaso na arzikinsu don taimakon ƙasashe irin namu. To an yi zaɓe a can, waɗansu sababbi sun hau, waɗansu kuma tsoron yaƙi ya sa sun karkatar da kuɗin wajen sayen makamai.

"Su ma suna da 'yan siyasa, Inna. Masu neman ƙuri'a sun ce wa jama'arsu gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa."

Na dube shi. Ba don maganar ta ba ni mamaki ba. Na taɓa jin ta ne, da wannan lafazin, daga bakin mahaifinsa, a tsakar gidan nan, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce.

A lokacin ina goyon Abba, shi ne na fari. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigida, Allah ya jiƙansa, da mahaifiyarsa Inna Dije. Ƙauyenmu yana arewa da Sule Tankarkar, in ka miƙe ta daji ba ka gaji da tafiya ba ka shiga ƙasar Nijar.

Daminar shekarar ta fara kamar abin arziki. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, aka yi noman firi da gayya ana kiɗa ana ba'a. Gero ya kai gwiwa, kore shar. Sai ruwa ya ɗauke. A watan da muka saba da marka, wanda wanki kan kwana a igiya bai bushe ba, rana ce kawai da wata busasshiyar iska daga arewa. Ganyen gero ya nannaɗe kamar an murza shi. Maza suka fita roƙon ruwa bayan gari, suka juya rigunansu, mu kuma muka dama kunu muka raba wa yara sadaka. Aka yi yayyafin da ko ƙura bai kashe ba. Da kaka ta zo, gonar da maigida kan kwana biyu yana jigilar damman geronta, abin da ta bayar a kansa ya ɗauko. Zangarniya kamar ɗan yatsa, in ka murza sai ƙaiƙayi.

Kafin a zuba komai a rumbu, Inna Dije ta baje tabarma ta zauna tana zaɓen zangarniyoyin da suka ɗan yi ido. Ta sussuke su da hannunta, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta kai ƙuryar ɗakinta.

"Wannan ba namu ba ne," ta ce. "Na gona ne. Kada wanda ya sa shi a lissafin cikinsa."

Daga nan rayuwar gida ta sauya tsari. Da asuba in goya Abba in tafi rijiya. Ruwan ya yi ƙasa, har sai da aka ƙulla igiya a kan igiya, kuma in ka jefa guga sai ka jira ya tsattsafo. Abin da za ka jawo rabinsa yashi ne. In na dawo, mu mata mu haɗu mu nufi daji neman yaɗiya da jiga da busasshiyar tafasa. Da suka ƙare muka koma kan 'ya'yan anza, waɗanda ɗacinsu ba ya fita sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa, ga shi ruwan kansa nema ake. In an yi surfe ba a zubar da dusa, ba a zubar da ruwan wankin gero. Tuwo ya koma fate, fate ya koma kunu, kunun ma sau ɗaya a yini, da yamma, don a iya barci. Abin da na fi tunawa shi ne shirun gari. Ƙauyen da ƙarar daka ke tashe ka kafin kiran salla ya yi tsit. In ka ji turmi ya yi ƙara a wani gida, kowa ya san gidan, kuma kowa sai ya yi kamar bai ji ba.

Awakinmu maigida ya kora su kasuwar Maigatari ɗaya bayan ɗaya. Ya ce filin kasuwar cike yake da dabbobi masu ƙashi a tsaye, mai sayarwa ya fi mai saye yawa. Akuyar da na zo da ita daga gidanmu, abin da aka samo da ita a bakin rigarsa ya ƙullo.

Maigida yana da rediyo. Da rana yakan shanya baturanta a kan katanga don su ƙara kwana. Da yamma maza su taru ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, mu kuma mu kasa kunne ta bayan zana. A nan muka ji cewa manyan ƙasashe sun yi taro a wani birni mai nisa, sun yi alƙawarin jiragen ruwa cike da hatsi ga duk ƙasashen da fari ya shafa. Ranar an yi hira har da dariya. Washegari maigida ya shiga rumbu ya share shi, ya toshe ramukan ɓera. Ba a jima ba wata mota ta zo daga Gumel da ma'aikata da wata Baturiya da rana ta mayar da fuskarta jawur. Suka leƙa rumbuna, suka dudduba yara, ita har ta riƙe hannun Abba tana murmushi. Suka tafi. Kullum in an ji ƙugin mota daga nesa, sai ka ga mutane sun fito bakin hanya da buhunan da suka wanke.

Motar hatsi ba ta zo ba. Aka yi ta kawo dalilai ƙarƙashin darbejiya. Wani ya ce sojojin da ke mulki ne suka ce ƙasarmu ba ta bara. Wani ya ce Turawan ne ba sa ga maciji da sojojin. Wani ya ce ai rediyo ta faɗa, ba a sa mu cikin mabuƙata ba saboda mu masu arzikin man fetur ne. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba. Da maigida ya shigo ya faɗa mana na ƙarshen, Inna Dije tana tsince yaɗiya, ba ta ko ɗago ba.

"To ka tambaye su," ta ce, "a miya ake sa shi ko a kunu?"

A lokacin an rufe iyaka, amma yunwa ba ta san shinge ba. Mutanen arewa, waɗanda farin ya fi gasawa, suka riƙa ratsowa ta daji suna wucewa kudu. Wata rana da azahar wani mutum ya yi sallama a ƙofarmu, yana jan jaki. Bayansa wata mace ce, ta ɗaure zani a ƙirji kamar mai goyo, amma babu kowa a bayanta. Sunansa Ilu, ita Mariyama, daga wani ƙauye gaba da Dungas. Jaririnsu ya rasu a hanya, sun binne shi gindin wata aduwa. Ruwa suka roƙa, da wurin da za su huta kwana ɗaya.

Inna Dije ta ce a shigo da matar, a share wa mijin zaure. Maigida ya biyo ta har bakin ɗakinta, ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, kin ga abin da ya rage a rumbu. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa."

"Na gani. Ni na auna shi da safe."

"To da me za mu riƙe su?"

"Ruwa za a ƙara wa kunun, ba gero ba. Tashi ka kai masa tabarma."

Hukuncin ba hurumina ba ne. Amma na dubi tukunya, na dubi Abba.

Kwana ɗaya ya zama mako. Ilu mutum ne marar magana, amma hannunsa ba ya zama. Shi ya nuna wa maigida inda za su sami kaba, suka riƙa yankowa suna tufka igiya da saƙa tabarmi, ranar Alhamis su kai Maigatari su samo garin kwaki. Da aka tashi yasar rijiya, shi aka zura ciki, don ya saba da rijiyoyin ƙasarsu masu zurfi. Mariyama kuwa ta fi mu sanin daji. Ita ta koya mana sussukar ƙarangiya a fitar da 'yan ƙwayoyin cikinta, da yadda ake sa toka a ruwan anza ɗacin ya fita da wuri. Ba ta taɓa ambaton jaririnta ba. Sai dai in Abba ya motsa, idonta yana kansa.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na tashi, nono ya ƙafe. Abba zai kama ya tsotsa ya tsotsa, ya saki, ya dube ni. Muka gwada ruwan kunu, cikinsa ya ɓare da zawo. Cikin 'yan kwanaki maɗigarsa ta faɗa, fatar cinyarsa ta yi yaushi. Inna Dije ta dafa min duk abin da ta sani na kawo nono, ba abin da ya zo. Mariyama kuma, na lura, zaninta kullum a jiƙe yake ta ƙirji, tana juya baya tana matsewa.

Ba ni ta yi wa magana ba, kunya ba za ta bar ta ba. Inna ta samu a bakin murhu.

"Inna, in ba za a ga laifina ba, a ba ni yaron nan. Abincinsa yana zuba a banza."

Inna Dije ta aiki maigida wurin Liman. Ya dawo ya ce Liman ya ce babu laifi, sai dai a sani, in ya sha ya ƙoshi ya zama ɗanta, 'ya'yan da za ta haifa 'yan'uwansa ne, babu aure tsakaninsu. Ni da hannuna na kwance shi na miƙa mata. Ya kama kamar zai haɗiye ta. Ta sunkuyar da kai, hawayenta na ɗiga a kansa, ni ma na juya na fuskanci katanga.

Daga ranar Inna ta sauya rabon kunu. Mai kaurin da ke kwantawa a gindin tukunya na Mariyama ne, mu mu sha na sama. Ko maigida bai yi gardama ba. Shi da kansa, in ya samo goriba ko 'yar magarya, sai ya ajiye a bakin ƙofa ya ce a ba uwar yaro. Haka muka ci rani, gida guda yana ciyar da mace ɗaya don ta ciyar da yaro ɗaya.

Wajen shigowar bazara Ilu ya dawo daga kasuwa da labari. Ya ce kamyo sun iso ƙasarsu, haka suke kiran manyan motoci. Hatsin da aka yi alƙawari ya zo, ana rabawa ƙauye ƙauye ta hannun masu gari, amma wanda ba ya nan ba shi da rabo. Dole su koma. A lokacin nonona ya ɗan dawo, Abba kuma ya fara karɓar kunu. Ranar tafiyarsu Mariyama ta roƙi a bar ta ta goya shi zuwa bayan gari. Muka taka tare har inda gonaki suka ƙare. Ta kwance shi, ta shinshini wuyansa, ta ba ni, ta bi bayan jakin ba ta waiwayo ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsanani. Wanda bai ga bazarar shekarar yunwa ba, bai san zafi ba. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, iska ta tsaya cik, in ka miƙe tsaye sai ka ga duhu-duhu. Rumbu ya zama fayau. Kaba ta ƙare a kusa, masu sayen igiya ma sun daina zuwa. Ƙafafun Inna Dije suka kumbura, sai daga baya na gane rabonta take juye min a ɓoye in na juya baya. Gidaje da yawa suka rufe ƙofa da ƙaya suka yi kudu. Wata rana da safe maigida ya sake durƙusawa a bakin ɗakin uwarsa.

"Inna, a fasa tulun nan."

"In mun ci irin, me za mu ce wa gona in ruwa ya sauka?"

"Gona sai da mai rai, Inna."

Sai Inna ta ce in shiga in ɗauko. Ita ta fasa lakar da kanta, ta ɗebi tafi biyu, ta rufe sauran da faifai. Na wanke tokar na daka. Ban taɓa shan kunu mai daɗi da ɗaci a lokaci guda irin wannan ba. Kullum sai an ɗiba, kullum sai hannun Inna ya ƙara nitsewa cikin tulun. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma, ana jin ƙamshin ruwa daga wani wuri mai nisa. Kowa ya san in ya sauka bayan mun cinye, mun shiga shekara ta biyu ke nan.

Tulun ya kusa rabi ranar da na fito da sassafe zan tafi rijiya na tarar da jaki a ƙofar gida, an ɗora masa kayan ciyawa. Ilu yana zaune gindin darbejiya, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Bayan an gaisa ya sauke ciyawar. A ƙarƙashinta akwai buhu, bai cika ba, jikinsa da rubutun boko da tutar wata ƙasa. Ta daji ya biyo, ya ce, don jandarmomi, wato jami'an tsaron can, ba sa bari a fita da hatsin agaji, sojojin nan kuma ba sa bari a shigo.

Maigida ya ce, "Malam Ilu, ku da kuke da buƙata? Ko an ba ku da yawa ne?"

Ilu ya ɗan murmusa. "Abin da rediyo ta faɗa tsauni ne. Abin da ya iso ƙauyenmu bai fi jiɓar gara ba. Amma da aka ba mu, Mariyama ta kasa shi uku. Na ce mata mu biyu ne. Ta ce a'a, tana da ɗa, ba ya nan ne kawai ranar rabo."

Jar dawa ce, irin da ba mu taɓa gani ba. Ƙwayarta ƙanana, tauri kamar tsakuwa, tana warin daɗewa a sito. Sai ka gaji da surfe kafin ta saki dusa, tuwonta kuma ja kamar ƙasar gini, da ɗan bauri a maƙogwaro. Waɗansu suka ce a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba. Inna Dije ta kai loma ta tauna a hankali, ta ce to dabbobin sun yi mana kara, Allah ya saka musu. Ranar ta kwaɓa sabuwar laka ta sake liƙe tulunta. Ta kuma ɗebi jar dawar a ƙwarya ta ce in kai wa maƙwabtanmu biyu da ba su tafi ba.

Ilu bai koma ba sai da ruwa ya sauka. Ya sauka da la'asar, da iska da tsawa, yara suka fita tsirara suna tsalle, manya suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari har sai da na ji kamar in ɗiba in ci. Da gari ya waye maigida da Ilu suna gaba suna sara da sungumi, ni da Inna muna biye muna jefa iri muna takewa. Saboda ƙarancinsa, Inna ta ce a buɗa tsakanin rami da rami, a rage abin da ake jefawa. Tana tafiya tana dafa sanda da kumburarrun ƙafafunta, ta ƙi zama. Noman shekarar da gayya aka yi shi, don ba wanda ke da ƙarfin gama gonarsa shi kaɗai. Hauya ta yi nauyi, mutum ya nome kunya ɗaya sai ya tsuguna. Faten jar dawa da sabuwar tafasa shi ya riƙe mu har gero ya fid da kai. Ranar da maigida ya karyo tumun farko aka gasa, Inna ta murza a tafinta ta hura, ta fara sa wa Abba a baki duk da haƙoransa biyu ne.

Zumuncinmu da su Mariyama bai yanke ba. Ta haifi 'ya'ya bayan nan, duk Yaya suke kiran Abba, kuma ba a biki ko suna a can bai je ba. Ita ta riga mu gidan gaskiya shekarun baya. Shi ya shiga kabarinta ya karɓe ta.

Ban ba Zulai wannan labari a ranar da ta dawo hannu wofi ba. Mai yaro marar lafiya ba labari take so ba. Washegari dai na yafa mayafi na bi ta asibitin. Na tarar da mata cike da rumfa, Malama Rabi tana tsaye a tsakiyarsu. Yarinya ce 'yar Gagarawa, tana da zafin nama, ranar kuma ranta a ɓace yake.

"Iya, ba zan yi muku ƙarya ba," ta ce da ni. "Na kira na sama da ni, su ma sun kira na sama da su. Kowa cewa yake ana tattaunawa. Yaran nan kuwa ba za su jira a gama tattaunawa ba."

"Mene ne a cikin madarar nan da ba mu da shi?"

"Akwai magungunan da ba mu da su. Yaron da ya yi nisa sosai, sai ita. Amma irin su Halifa, in za ku iya haɗa gero da gyaɗa da waken suya, a soya a niƙa, a sa zogale da ɗan busasshen kifi, za mu riƙe su."

Haka aka fara. Kowace mace ta kawo abin da take da shi, mai gero gero, mai gyaɗa gyaɗa. Waken suya Abba ya sayo a Gumel. Tsakar gidanmu muka mayar wurin suya, don ni ke da babban kasko. Ranar da muka fara, turame huɗu suna tashi a lokaci guda, hayaƙi da ƙamshin soyayyar gyaɗa har masallaci. Malama Rabi tana zagayawa tana nuna mana awo, tana faɗa da mai son ta cika sukari. Da mai unguwa ya ga abin ya kankama, ya ba mu aron wata gona da mai ita ya tafi birni ya bari. Da ruwan bana ya gama jan ransa ya sauka, mu mata muka shuka ta gyaɗa da wake, matasa suka yi mana huɗa ranar Juma'a bayan an sauko.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ɗan maƙwabciyarmu Sa'a ya riga ya kumbura kafin a ankara, kununmu bai iya masa ba, kafin a kai shi babban asibiti ya cika. Ɗan majalisarmu ya zo ta'aziyya da motoci, ya yi alƙawari a gaban jama'a cewa gwamnatin jiha za ta sayi madarar da kuɗinta. Mutane suka ce zaɓe ne ya matso. Amma bayan 'yan makonni waɗansu kwalaye sun zo, ba yawa, Malama Rabi ta keɓe su ga waɗanda suka fi jin jiki. Abba kuma ya ce min a can ƙasashen ma ba a daina gardama ba, akwai masu fitowa kan titi suna cewa alƙawari kaya ne, a cika shi. Abin ya tsaya min a rai, mutanen da ba su taɓa ganin Halifa ba suna sa-in-sa a kansa cikin sanyin ƙasarsu. Na yi musu addu'a, masu cewa a bayar da masu cewa a hana, don na zauna gida ɗaya da irin kowannensu.

Talatar da ta wuce muka koma awo. Malama Rabi ta naɗa ɗan ma'aunin nan mai launi uku a damtsen Halifa. Watannin baya a kan ja yake tsayawa. Ta ja, ta duba, ta sake ja.

"Ya bar ja, Iya. Yana kan ruwan ɗorawa. Bai kai kore ba tukuna, kada ku saki jiki."

"Ba za mu saki ba."

"An ce wata mai zuwa za a ƙaro kwalaye. Kin yarda?"

"In sun zo muna so," na ce. "Ranar Asabar dai akwai suya, ki zo da wuri."

Muka biyo ta gonar mata a hanyar komawa. Gyaɗa ta rufe ƙasa, ta fara fure, waken ya yi yaɗo har kan hanya. Hadari yana haɗowa, iska mai sanyi tana kaɗa mayafanmu. Sai Halifa ya fara kuka a bayan uwarsa, yana dukan kafaɗarta yana miƙa hannu wajen kwanon kunun da ke kaina. Kuka sosai, mai ƙarfi, har wani mai noma daga nesa ya ɗago yana dubanmu. Rabon da in ji muryarsa haka tun kafin azumi, don da ko kukan ba ya iyawa, sai dai ya buɗe baki. Zulai ta fara jijjiga shi tana lallashi, kunya ta kama ta.

"Ƙyale shi ya yi," na ce mata. Na sauke kwanon, muka tsuguna a bakin gonar, na buɗe.